Kawu, Da Wanne Zan Fara?

Bayan sallar magariba ɗan yayata ya same ni a tsakar gida, nan Damazin ta ƙasar Sudan, ya miƙo mini wayarsa. Ya jera sunaye a ciki: Python, React, Flutter, PHP, Laravel, har da wani da shi kansa ya kasa furtawa. Ya ce, "Kawu, gina shafukan intanet nake so in koya. Da wanne zan fara?"

Dariya ta kama ni, don shekara biyu cur na ɓata a kan irin wannan jeri. Na fara darussa sun fi goma, babu wanda na ga ƙarshensa. Yau wani ya ce ga abin da ake yayi, in saki na hannu in bi shi. Jibi wani ya zo da nasa. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle goma.

Na ce ya goge jerin, ya bar uku: HTML, CSS, JavaScript, kuma a wannan tsari. Duk shafin da ya taɓa buɗewa a waya, da waɗannan ukun ya iso idonsa. Da yake mahaifinsa tela ne, sai na kwatanta masa da riga. HTML shi ne yanka da haɗi: ga kan magana, ga sakin layi, ga hoto, ga inda za a latsa a tafi wani shafi. CSS shi ne launi da aikin wuya da yadda rigar za ta zauna a jikin siriri da na kakkaura, wato ƙaramar waya da babbar kwamfuta. JavaScript kuwa shi ne maɓalli da zif, abin da ke motsi idan an taɓa. Wani Ba'amurke, Brendan Eich, ya ƙirƙiro shi a 1995, har yau kuma shi ne harshen da kowace manhajar buɗe shafi ke ji. React ɗin da yaron ke ɗoki, wanda Facebook ya saki a 2013, da JavaScript aka gina shi. Wanda ya tsallake tushe ya faɗa kansa, kwafe kawai zai riƙa yi, ranar da abu ya lalace kuma sai ya yi zuru.

Amma shawarar da ake bai wa yaron Landan ba za ta yi wa na Damazin daidai ba, kuma nan ne na fi daɗewa da shi.

Akwai maganar harshe. Mu jikokin waɗanda suka biyo hanyar gabas ne, wasu don hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, irin waɗanda suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar. A gida Hausa muke yi, a makaranta Larabci, Turancin yawancinmu kuwa bai taka kara ya karya ba. Saboda haka na ce ya fara da darussan Larabci. Tashar Elzero Web School ta Bamisiren nan Usama Elzero tana da su kyauta a YouTube, daki-daki daga HTML, kuma kunnenmu ya saba da Larabcin Masar tun daga fina-finai. Sai dai na gargaɗe shi: kalmomin da ake rubuta umarni da su na Turanci ne, in kwamfuta za ta gaya maka ka yi kuskure da Turanci za ta faɗa, kuma bayanin da ya fi inganci, na shafin MDN, da Turanci aka rubuta shi. To ya riƙa tsintar harshen kaɗan-kaɗan. In ya yi wata uku, ya shiga freeCodeCamp, wanda aka kafa a 2014, inda ake ba ka aiki ka yi da hannunka, ba kallo kawai ba.

Sai wuta da layi. Ga madatsar ruwan Rusairis a gefenmu tun 1966, amma kowa ya san fitila takan yi mana yaji. Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023 abin ya ƙara tsanani, a Fabrairun 2024 kuma layukan waya suka ɗauke a kusan duk ƙasar na tsawon makonni. Wannan ma wani dalili ne na farawa da ukun nan: ba sa buƙatar intanet. Ka rubuta fayil, ka adana, ka buɗe shi a wayarka, ga shafi. Akwai manhajar Acode a wayoyin Android da ake rubutu da ita. Da wahala a ƙaramin allo, yatsa na tsamuwa, amma ana yi. Ranar da layi ya yi kyau, ya sauke bidiyon mako guda ya ajiye. Manyan kayan aiki irin su React kuwa, kafin ka rubuta layi ɗaya sai ka sauke tarin fayiloli da za su cinye maka data.

Ya tambaye ni batun kuɗi, kamar yadda na san zai yi. Na gaya masa gaskiya: aikin Turawa da ake kwaɗaita wa yara a bidiyo yana da nisa, karɓar kuɗi daga waje zuwa Sudan ma jidali ne mai zaman kansa. Mai ba shi aikin farko yana kusa: dillalin riɗi da ƙaro, mai makaranta mai zaman kanta, ƙungiyar agaji da ke son fom ɗin rajista, wanda zai biya shi ta manhajar tura kuɗi ta Bankak. Irin waɗannan, sau da yawa tsarin gina shafi na WordPress ya ishe su, shi ne ma ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya. Da PHP aka rubuta shi, don haka idan lokacin koyon ɓangaren da ke ajiye bayanai ya zo, PHP na fi so masa a kan abin da ake yayi. Na san wasu abokaina za su yi mini gardama a nan. Su yi.

Akwai kuma wata baiwa da muke rainawa. Yaron da ya iya shirya shafi ya tafi daga dama zuwa hagu don Larabci, ya juya shi hagu zuwa dama don Hausa, ya kuma tabbatar ƙ da ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu ba su koma akwatuna ba, yana da abin da zai sayar daga Gadarif har Kano.

Aikin da na ba shi ɗaya ne, na sati biyu: shafin mai agashen bakin layinmu, da hoto, da farashi, da lokacin buɗewa, Larabci da Hausa. Na hana shi buɗe wani sabon darasi sai ya gama.

Kwana tara ya dawo. Hoton agashen ya cika allo ya danne farashin, Larabcin kuma ya maƙale a hagu. Ya ce, "Kawu, ya ƙi." Na matsa masa a tabarma, na ce ya buɗe fayil ɗin mu gani.