JITA MARA NAUYI: A GWADA A IKKO, HUNTURUN YERWA YA YANKE HUKUNCI

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Kurmi ya san wahalar saƙo. Yau a ce ya sayo injin markaɗe, gobe rediyon mota, jibi maganin da aka rasa a gida. To, cikin saƙonnin da kan fito daga Maiduguri zuwa ga 'yan'uwa mazauna Agege, Idi-Araba da Obalende, akwai wani mai rikitarwa. Shi ne a shiga kasuwar Alaba a sayo jitar lantarki mai babbar murya, wadda makaɗa ke kira bes, kuma don Allah a samo mara nauyi.

Sau da yawa wanda aka aika ɗan canji ne ko mai fataucin shanu, bai taɓa riƙe jita ba. Mai saƙon kuwa watakila ya shekara yana tara kuɗin. Tsakaninsu akwai tafiyar fiye da kilomita 1,500, watau in kaya suka tafi babu zancen mayarwa. Saboda haka ya kamata ɗan aike ya san abin da zai duba kafin ya ƙirga kuɗin ƙanensa ya miƙa.

MECE CE BES?

Bes jita ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ke riƙe gindin kiɗa kamar yadda babbar ganga ke yi a ƙofar Shehu. Tsirkiyarta mafi kauri tana kaɗawa sau 41 ne kacal a daƙiƙa guda, shi ya sa mutum kan ji ta a ƙirji kafin kunnensa ya tantance ta. Wani Ba'amurke, Leo Fender, shi ya fito da wadda ta fara karɓuwa a duniya, mai suna Precision, a shekarar 1951. Kafin nan makaɗan Turai da Amurka suna fama ne da wata ƙatuwar goge mai tsayin mutum, wadda ɗaukarta kaɗai aikin ƙato ne.

A ƙasar nan, wanda ya ji kiɗan Fela ko na Bala Miller na Kaduna ya ji aikin bes. Ƙasar Kamaru kuwa, wadda ke iyaka da Jihar Barno, ta yi suna a duniya wajen gwanayenta, irin su Richard Bona. A Maiduguri masu riƙe da ita su ne makaɗan coci-coci, 'yan badujala na soja da 'yan sanda, ɗaliban jami'a, da samarin da ke aiki a ɗakunan ɗaukar waƙa. Kishiyarsu ita ce fiyano, wadda tun shekarun 1990 ta mamaye waƙoƙin finafinan Hausa, domin yaro ɗaya na iya fitar da muryar bes da hannun hagu. Ke nan makaɗin da jitarsa ba ta fi fiyano daɗin murya ba, ba a daɗe ana kiransa.

DALILIN NEMAN MARA NAUYI

Bes irin ta Fender takan yi kilo 4, wata har ta wuce. Mai karatu ya ɗauki galan mai lita huɗu cike da ruwa, ya rataya a kafaɗar hagu, ya tsaya awa uku, zai gane kukan makaɗa. Sa'an nan a haɗa da zafin Maiduguri na watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni kan haye 40. Bugu da ƙari, tun da aka hana hawa babur a garin cikin Yulin 2011, Keke Napep ya zama abin hawan talaka, a ciki kuma makaɗi zai cusa kansa da jitarsa da akwatin lasifikarsa.

Akwai hanya uku da maƙera jita ke bi su rage nauyi. Ta farko su bar cikinta rami kamar ƙwarya. Ta biyu su yi ta da katako mara nauyi, su fiƙe jikin ya zama siriri. Ta uku su guntule kan jitar, su mai da maɗauran tsirkiya gindi. Kowace hanya da ribarta, da kuma abin da ake biya.

Mafi shahara cikin masu rami ita ce Höfner ta Jamus, mai siffar goge, wadda ba ta kai kilo 3 ba. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles, wanda ya zo Ikko a 1973 ya ɗauki faifai a ɗakin EMI na Apapa, ya sayi tasa ta farko a Hamburg a 1961 a kan kimanin fam 30. An sace ta a London a 1972, sai a 2024 aka ba da labarin ta koma hannunsa. Mutumin ya haye shekara 80 yana hawa dandamali da irin wannan jita a kafaɗa, wannan kuwa shaida ce babba ga masu son mara nauyi.

Cikin masu siririn jiki, kamfanin Ibanez na Japan ya fito da samfurin SR a 1987, ya kuma sami masu kwaikwayo da yawa. Marar kai kuwa, Ned Steinberger ne ya shahara da ita tun wajen 1980.

MURYA

'Yan kasuwa sukan ce jita mai nauyi ita ce mai murya. Maganar tana da gaskiya ga garaya da gurmi, inda girman ƙwarya da fatar da aka rufa ke ba da amo. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ƙarami ne, muryarsa kuma siririya ce. Amma jitar lantarki dabam take. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ne kunnen jitar. In tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a kansa sai ya haifar da 'yar wuta, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mai da ita sauti. Ke nan mafi yawan muryar daga kunnen take, da tsirkiya, da lasifika, da yatsun mai kiɗa. Katako yana da nasa rabo, amma kaɗan ne.

Duk da haka akwai bambanci. Mai rami tana da murya mai kauri da taushi, wadda kan mutu da wuri, kuma in aka ƙure ta kusa da lasifika sai ta riƙa kuwa ita kaɗai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai cikakken katako kuwa muryarta ta fi daɗewa, ta fi fita sarai a cikin taro.

Ga yadda ake gwaji. Da fari a kaɗa ta ba tare da an haɗa wuta ba, a kara kunne a jikinta. A bi kowace tsirkiya mataki-mataki tun daga sama har ƙasa. In wani mataki ya yi zizar ƙudan zuma, ko muryar ta mutu nan take alhali maƙwabtansa suna raye, a lura da shi. An fi samun irin wannan mataccen wuri a siririyar tsirkiya, tsakanin mataki na 5 da na 7. Bayan haka a haɗa ta da amfilifaya ta bes, mai lasifika inci 10 ko 12 ko 15. Kada a yarda a gwada ta da kayan da suka fi na mai saƙon nesa ba kusa ba, domin babbar lasifika takan rufa wa jitar banza asiri.

Akwai gwaji guda da ya shafi mara nauyi musamman. A rataya ta a tsaye, a saki hannu biyu. In kan ya sunkuya ƙasa, to jikin ya yi wa wuyan sauƙi da yawa. Mai irin wannan zai wuni yana tallafe wuya da hannun da ya kamata ya yi kiɗa da shi, ya gaji fiye da mai ɗauke da kilo 4. Maratayi mai faɗi na fata, irin wanda dukawa ke iya ɗinkawa, yakan rage matsalar, amma ba ya kawar da ita.

HUNTURU SHI NE ALƘALI

Nan ne maganar take. Katako yana shan laimar iska yana kumbura, yana kuma bushewa yana motsewa. Masu ƙera jita suna son a ajiye ta inda laima take kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Ikko laima takan wuce kashi 70 kusan duk shekara. A Maiduguri kuwa cikin Fabrairu da Maris takan faɗi ƙasa da kashi 20. Jitar da ta yi wata shida rataye a shago a Alaba ta sha ruwa ta ƙoshi, in ta sauka Yerwa cikin hunturu za ta amayar da shi cikin 'yan makonni.

Abin da kan biyo baya sananne ne. Katakon wuya ya motse, ƙarafan matakai kuwa ba sa motsewa, sai bakinsu ya fito ya riƙa yankan yatsa. Wuyan ya lanƙwashe, tsirkiya ta yi nisa da shi ko ta kwanta a kai. Mai rami, da yake fuskarta falle ce siririya, ita ta fi saurin tsagewa. A tuna kuma tsirkiyoyin nan huɗu suna jan wuyan da ƙarfin da ya wuce kilo 70, watau fiye da buhun siminti, dare da rana.

Abin da ke tsare wuyan shi ne wata sandar ƙarfe da aka binne a cikinsa, wadda ake ɗaurewa ko a sassauta da ɗan makulli. Lalle ne mai saye ya sa a juya ta kaɗan a gabansa, gaba da baya. In ta cije ko tana juyawa a banza, ya ajiye jitar ya yi gaba ko da kyauta aka ba shi. Ya kuma ɗaga ta ya leƙa wuyan daga kai zuwa gindi kamar mai duba gorar mashi. 'Yar lanƙwasa kaɗan daidai ce, amma murɗewa gefe ba ta da magani mai araha.

Steinberger ta asali ba da katako aka yi ta ba, da wani haɗin roba da zaren gawayi ne, wanda bai damu da laima ko fari ba. Sai dai tana da tsada ƙwarai, kuma masu araha da ke kama da ita na katako ne. Kada siffa ta ruɗi mai saye. Haka nan sunan da ke rubuce a kan jita ba hujja ba ne, gama jabu ta yi yawa.

WUTA DA ƘURA

Bes iri biyu ce wajen wuta: mai batir a ciki, da marar batir. Mai batir tana da maɓallan gyaran murya da yawa, amma ran da batirin ya mutu ana tsakiyar biki sai ta shaƙe, in kuma allon cikinta ya ƙone samun madadinsa aiki ne. Marar batir wayoyi ne ƙalilan, duk mai gyaran rediyo da ke da dalma zai iya tashinta. Ga mai zama nesa da Ikko wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mutanen Maiduguri sun san zaman janareta. A Janairun 2021 'yan ta'adda suka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, garin ya yi watanni cikin duhu, har aka buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maris na 2023. Wutar janareta takan sa jita gurnani. Kunnen da aka raba biyu, irin wanda Fender ta sa wa Precision tun 1957, yana kashe mafi yawan gurnanin. A wurin gwaji a ɗaga hannu daga tsirkiya a saurara, a kuma murɗa kowane maɓalli a ji ko yana ƙarar yashi. In tsirkiya ta taɓa jan mutum ko kaɗan, a kashe kaya a nemo mai gyaran wuta. A 1972 wuta ta kashe makaɗin jita Leslie Harvey a kan dandamali a Swansea ta Birtaniya.

Ƙura kuma tana shiga tsakanin naɗin tsirkiya ta kashe murya. Akwai tsirkiya mai sumul wadda ba ta da wannan ramuka. Ta fi tsada, muryarta ta fi taushi, amma takan yi shekaru.

LISSAFIN KUƊI

Tun da aka saki darajar Naira a Yunin 2023 duk kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, har tsirkiya ta zama abin lallaɓawa. Saboda haka kuɗin jita ba ya ƙarewa a bakin shago. A lissafa da akwati mai tauri, da tsirkiya ta ajiya, da wayar haɗi mai kyau, da kuɗin mota, da ladan mai saiti in ta isa. Gara a sayi mai matsakaicin kuɗi a cika waɗannan, da a zuba duka a kan mai ƙyalli a aika da ita cikin kwali. Ta hannu wadda ta riga ta yi shekaru, in wuyanta lafiya, sau da yawa ta fi sabuwa mai arha, domin katakonta ya gama wasa.

In an auna duka, wadda ta fi dacewa da Maiduguri ita ce mai cikakken katako, mai nauyin kilo 3 zuwa 3 da rabi, marar batir, mai sandar wuya da ke aiki, wadda kanta ba ya sunkuyawa. Mai rami ta dace da mai kiɗa a ɗaki, wanda zai iya kula da ita kamar jinjiri.

Wajen aikawa, a sassauta tsirkiya kaɗan, a roƙi direba ya sa ta cikin mota, kada ta hau bisa kaya rana ta gasa ta. In ta isa, mai ita ya bar ta cikin akwati mako biyu ko uku, da ɗan soso mai danshi a cikin gwangwanin da aka huda, kada ruwa ya taɓa katakon. Sa'an nan a daidaita wuya, a goge bakin matakai da magagari. In ta ga bayan hunturun farko wuyanta a miƙe, ɗan aike ya fita kunyar ƙanensa, domin sayen nagari mai da kuɗi gida ne.