Ƙaho da Allura: Yadda Ake Lallashin Ciwo

Gaya gari ne na aikin ƙarfi. Har zuwa 2023 kaya na hawowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su haye gadar Malanville, wasu su nufi Yamai, wasu su karkata Kamba. Duk buhun da ya sauka, a bayan ɗan dako ya sauka. Ga masu duƙe a fadamun shinkafa da rake. A irin wannan gari ciwon baya da na ƙugu ba baƙi ba ne.

Tun kafin zuwan ƙwayar tiramol, wanzami ake nema. Yakan kafa ƙaho a inda ke ciwo, ya tsotse iskar ciki, ya toshe hujin da danƙo. In fata ta tasa, sai ya cire ƙahon, ya yi 'yan tsaga da aska, ya sake kafawa. Abin da ya taru shi ake kira mataccen jini. Likitoci dai sun ce jini ne kamar kowane, daskarewa kawai ya yi.

Sinawa kuwa allura suke tsirawa, siririya ƙwarai, ba ruwan magani a cikinta. Dabarar ta haura shekara 2,000, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayen gurabe 361 da ake tsira ta a jiki. Tun 1976 ayarin likitocin Sin daga lardin Guangxi ke zuwa Nijar, cikinsu har da masu wannan aiki.

To, me ke kawo sauƙin? A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa saƙon ciwo sai ya bi ta wata mashiga a lakar gadon baya kafin ya kai ƙwaƙwalwa, kuma shafa ko matsa na iya tsuke mashigar. Shi ya sa wanda ya buge gwiwa ke murza ta ba tare da an koya masa ba. Daga baya aka gano jiki na da nasa sinadarin kashe zafi, endofin.

Sai dai wani gwaji da aka yi a Jamus aka wallafa a 2007 ya rage wa masu allura baki. Cikin masu ciwon baya 1,162, waɗanda aka tsira wa allura a guraben Sinawa kashi 48 cikin ɗari suka samu sauƙi. Waɗanda aka tsira wa sama-sama a wuraren da ba guraben ba, kashi 44. Masu jinyar da aka saba, kashi 27. Ashe gurbin ba shi ne kan magana ba. Taɓa jiki, da zaman mai magani kusa da kai, da yardar da ka yi masa, su ma suna aiki, kuma wannan abu ne da wanzami ya daɗe da riƙe shi.

Haɗarin yana bakin aska. Wadda ta tsaga wani ba a dafa ta ba tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau, don haka sabuwar reza ake buƙata ga kowane mutum. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, na asibiti ne.