Dukan da aka sha a yarinta: shin dole ne ya sauka a kan ƴaƴa?

A shekarar 1987, masana biyu na Jami'ar Yale a Amurka, Joan Kaufman da Edward Zigler, sun ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka azabtar suna yara ne ke azabtar da ƴaƴansu. Haɗarin ya fi na sauran iyaye, amma galibinsu ba sa maimaitawa.

Binciken Jami'ar Minnesota na 1988 ya gano cewa iyaye matan da suka tsallake wannan gado sun samu wani babba mai tausayi tun suna ƙanana, ko miji mai tallafawa, ko kulawar likitan ƙwaƙwalwa. Ke nan kaka, gwaggo ko malamin da ya ja yaro a jiki yana kare har ƴaƴan da yaron zai haifa.