Donot mai ruwan sukari: Yadda ake soya shi a gida ba tare da jari ya narke ba

Duk wanda ya tsaya a Kwanar Ɗangora da ke ƙaramar hukumar Ƙiru, ko a tashoshin motar Tudun Wada a kan hanyar Jos, ya san abin da ake miƙo wa matafiya ta taga: gyaɗa, ƙwai, fanke da cincin. A 'yan shekarun nan donot ya shiga sahu, har ana ganinsa cikin farar roba a kan kantar masu shago.

Akasarin masu yin sa mata ne da ke soyawa a cikin gida. Ba ya buƙatar oben ko wutar lantarki, kasko da gawayi sun isa, shi ya sa ya karɓu a ƙauyukan Bebeji da Doguwa. Sai dai sana'a ce da kuskure ɗaya kan cinye ribar yini guda.

Ɗanɗanon ba baƙo ba ne

Irin donot ɗin da ake lulluɓewa da ruwan sukari ya yi suna ne a Amurka, inda kamfanin Krispy Kreme ya fara sayar da shi a 1937. Amma dabarar ta daɗe a ƙasar Hausa. Alkaki da dublan da ake kai wa amarya a gara, ana tsoma su ne cikin dafaffen sukari ko zuma bayan an soya. Macen da ta iya alkaki ta riga ta san rabin aikin. Sauran rabin yana wajen yis da zafin mai.

Tsadar kaya ta sa awo ya zama dole

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, tana cikin Bebeji, kuma ruwanta ne ake noman alkamar rani da shi a Kadawa. Duk da haka, yawancin fulawar da ake sayarwa a shaguna daga alkamar ƙasashen waje ake yin ta. Don haka farashinta kan bi dala.

Tun bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, fulawa da sukari da mai duk suka yi tashin gwauron zabi. Mai saye a ƙauye kuwa ba ya son a ƙara masa kuɗi. Mai kwaɓa da ƙiyasin ido takan wayi gari ta sayar da komai amma kuɗin fulawar gobe bai fito ba.

Ga awon da ke fitar da donot 12 zuwa 15, gwargwadon girman yanka: fulawa kofi 4, wato kimanin rabin kilo, yis babban cokali 1, sukari babban cokali 4, bota babban cokali 3, ƙwai 1, gishiri kaɗan, da madara ko ruwa mai ɗumi kimanin kofi 1.

Kwaɓi da tashi

A tankaɗe fulawa a haɗa da sukari da gishiri. A jiƙa yis a ruwan ɗumi da ɗan sukari na minti 5 zuwa 10. Idan bai yi kumfa ba ya mutu, gara a zubar da shi da a yi asarar fulawa. Ruwan ya zama wanda yatsa zai jure, domin mai zafi sosai yana kashe yis.

A zuba yis ɗin da ƙwai a kwaɓa, sannan a sa bota a yi ta murzawa na minti 10 zuwa 15, har kwaɓin ya yi santsi ya daina kama hannu. Wannan murzar ce ke sa cikin donot ya yi laushi.

A rufe a ajiye a wuri mai ɗumi har ya ninka girmansa. A nan agogo kan yaudari mutum. A zafin Maris da Afrilu kwaɓi na iya tashi cikin ƙasa da awa guda, in an bar shi ya yi tsami. Da hunturu kuwa, musamman a yankin Riruwai mai duwatsu, yakan ɗauki ninkin haka, sai an matso da shi kusa da murhu.

Idan ya tashi, a murza shi da kwalba ya yi kaurin ɗan yatsa, a yanka da bakin kofi, a huda tsakiya da murfin kwalba. A jera a faranti mai barbaɗin fulawa, a sake rufewa na minti 20 zuwa 30. Masu gaggawa kan tsallake wannan tashi na biyu, sai donot ya fito da nauyi kamar dutse.

Riba tana cikin kasko

Zafin da ya dace shi ne digiri 170 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyos. In babu ma'auni, a jefa ɗan gutsuren kwaɓi: ya taso nan take yana 'yan kumfa, ya yi ja a hankali. Idan man bai yi zafi ba, donot zai sha shi, ga asarar mai ga gundura. Idan ya wuce kima, waje ya ƙone ciki ɗanye. Mai amfani da gawayi ta riƙa janye garwashi tana mayarwa. Kowane gefe minti 1 zuwa 2 ya isa, kuma kada a cika kasko.

Man da ya yi baƙi, ko yake kumfa da hayaƙi da wuri, ya gama aiki. Ci gaba da suya da shi na ɓata ɗanɗano, kuma ba shi da kyau ga lafiyar yaran da su ne manyan masu saye.

Ruwan sukari

A dama garin sukari mai laushi kofi 2 da madara babban cokali 4 zuwa 5, ya yi kaurin koko. Inda ba a samun garin, a daka sukari a busasshen turmi a tankaɗe da rariya mai laushi. Ko kuma a bi hanyar alkaki: a dafa sukari da ruwa da ɗan lemon tsami har ya fara danƙo.

A tsoma donot yana da ɗumi, ba da zafinsa ba, a ɗora a kan kwando ya tsane na kimanin minti 20. Kada a ƙulle shi a leda kafin ya sha iska, domin gumi zai narkar da sukarin. Da damina ma haka yake saurin jiƙewa, sai a rage yawan abin da ake yi.

Donot ɗin yis ba ya son kwana. Don haka mai farawa gara ta kwaɓa rabin kilo, ta rubuta kuɗin komai har gawayi da leda, ta raba da adadin da ya fito, kafin ta yanke farashi. Idan robar da ta kai shago da safe ta dawo babu komai kafin la'asar, kwana uku a jere, lokacin ƙara fulawa ya yi.