3.4 Hawan Tudu da Gudun Tsere a Matsayin Rigakafin Rauni

Akasarin raunukan da ke samun ɗan wasa a wajen gudu ba daga karo da abokin karawa suke zuwa ba. Suna faruwa ne idan aka ɗora wa tsoka ko jijiya nauyin da ba ta saba ɗauka ba. Wannan sashe zai yi bayani a kan hanyoyi biyu na sabar wa jiki da irin wannan nauyi, wato hawan tudu da gudun tsere, da kuma yadda za su dace da matasan Musawa.

Hawan tudu tsohuwar dabara ce. Arthur Lydiard na ƙasar Niyuzilan ya sanya shi cikin atisayen Peter Snell, wanda ya ci zinare a tseren mita 800 a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, ya kuma ci na mita 800 da na 1500 a Tokiyo a 1964. Daga baya ne masana suka auna dalilin amfaninsa. Gottschall da Kram (2005) sun gano cewa idan mutum yana gudu a kan tudu mai karkatar digiri 9, girgizar farko da ƙafa ke sha lokacin da ta dira ƙasa takan ɓace, amma idan gangarowa yake yi a kan irin wannan karkata, sai ta ƙaru da kashi 54 cikin ɗari. Abin da wannan ke nufi shi ne, mai hawa yana gajarta taku, ƙafarsa tana sauka kusa da jikinsa, tsokokin cinya da na sha-raɓa suna aiki tuƙuru ba tare da gwiwa da ƙwauri sun sha duka ba. Saboda haka ƙa'idar ita ce a hau da gudu, a sauko da tafiya. Sai dai kuma hawa yana ja wa agara wahala, don haka mai ciwon agara ba zai fara da shi ba.

Gudun tsere kuwa ya fi shafar tsokar bayan cinya, wadda takan yage a daidai lokacin da ƙafa ta miƙe gaba tana shirin dira. Malone da abokan aikinsa (2017) sun lura a tsakanin 'yan wasa a Ailan cewa waɗanda ke kusantar iyakar saurinsu a wajen atisaye sun fi tsira daga rauni, kodayake yin sa fiye da kima shi ma yana jawo shi.

A nan ne batun ya shafi Musawa kai tsaye. Matashin da ya kwashe damina yana noman masara da dawa da auduga yana da ƙarfi da juriya, amma aikin fartanya ba ya koya wa tsoka sauri. Idan aka kammala girbi ya faɗa gasar ƙwallon ƙafa ba tare da shiri ba, gudun farko mai tsanani na iya kwantar da shi makonni, kuma asarar ba ta tsaya ga wasa kaɗai ba, har da aikin da gida ke jira daga gare shi. Ya kamata mai horarwa ya ware makonni kafin gasa, ya fara da gajeren hawa na daƙiƙa 8 zuwa 10, sau huɗu, da cikakken hutu a tsakani, kwana biyu a mako, sannan a sauko fili ana ƙara sauri kaɗan-kaɗan.

Ba lallai sai an sami dutse kamar Kufena na Zariya ko duwatsun Funtuwa ba. Hasali ma falalen dutse ya yi tauri, ga santsi. Gaɓar rafi ko burtali mai ɗan tudu ya wadatar, muddin an share tsakuwa da ƙaya, an kuma ɗumama jiki sosai, musamman da safiyar hunturu.