Haihuwar Baƙi a Ingila: Yawan Jarirai na Ƙaruwa, Iyali na Raguwa

Alƙaluman Ofishin Ƙididdiga na Birtaniya sun nuna cewa a shekarar 2023, kashi 31.8 cikin ɗari na jariran da aka haifa a Ingila da Wales iyayensu mata haifaffun wasu ƙasashe ne. A 1990 kashi 11.6 ne kacal.

Masu adawa da shigowar baƙi kan ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa baƙi sun fi ƙarfin 'yan ƙasa wajen haihuwa. Amma lissafin bai tsaya nan ba. Matsakaicin haihuwar mace baƙuwa ya sauko daga kusan 2.5 a 2004 zuwa kimanin 2 a 2021, wato ƙasa da 2.1 da ake buƙata domin al'umma ta maye gurbin kanta. Abin da ya ɗaga kason shi ne yawan masu shigowa, waɗanda galibinsu matasa ne a shekarun aure, ga kuma haihuwar 'yan ƙasa da ta yi ƙasa ƙwarai. A 2023 matsakaicin haihuwa a Ingila da Wales baki ɗaya ya faɗi zuwa 1.44.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kuɗin haya da na renon yara ba su san launin fata ba, kuma 'ya'ya matan 'yan Pakistan da Bangladash da suka tashi a can sun yi karatu mai zurfi, sun jinkirta aure, sun haifi ƙasa da abin da iyayensu suka haifa.

Asalin iyayen ma yana sauyawa. Poland ta hau gaba a 2010, Indiya ta karɓe matsayin a 2022, Najeriya kuwa tana cikin goma na farko.

Ga ɗan kasuwa mai aika garin rogo, yaji ko atamfa zuwa shagunan unguwar Peckham a Landan, wannan abin lura ne. Cinikinsa ya fi dogara ga sababbin zuwa, domin yaron da aka haifa a can bakinsa kan saba da abincin makaranta. Ƙofar kuwa ta ƙuntata: daga Janairun 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana akasarin ɗaliban ƙasashen waje zuwa da iyalansu, a watan Maris kuma ta hana masu aikin kula da tsofaffi. Waɗannan hanyoyi biyu ne dubban iyalai 'yan Najeriya suka bi suka shiga ƙasar a 2022 da 2023.