Haɗeja: Abin da ya kamata a sani kafin a ɗora wa inbata firiza ko injin ban-ruwa

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura maki 40 a Haɗeja, ƙanƙara da ruwan sanyi suna cikin abubuwan da suka fi kasuwa. Mai kunun aya, mai ruwan leda da mai sayar da ɗanyen kifi duk jarinsu ya dogara ne da firiza.

Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareta ya zama aiki mai cin riba. Sai kuma duhun da ya mamaye yawancin jihohin Arewa na tsawon kwanaki a Oktoban 2024, ciki har da Jigawa da ke ƙarƙashin kamfanin KEDCO. Waɗannan dalilai ne suka sa hankalin jama'a ya karkata ga sola da batir.

Sai dai ƙaramar inbatar da aka saya don fitila, fanka da cajin waya ba za ta iya ɗaukar firiza ba. Da zarar an jona, sai ta yi ƙara ta ɗauke. Abin da kan fara zuwa wa mutum shi ne ya sayo babba, alhali babbar inbata ita kaɗai ba ta magance matsalar.

Lissafin farko

Inbata ba ta samar da wuta, tana juya wadda ke cikin batir ne kawai. Kuma lambar kVA da ke jikinta ba ita ce ainihin ƙarfinta ba. A yawancin samfura, mai 3.5kVA tana ɗaukar kimanin wat 2,800 ne.

Firiza da injin ban-ruwa suna da wata ɗabi'a: a daidai lokacin tashi sukan ja wuta ninki uku zuwa biyar na abin da suke ci idan sun daidaita. Firiza mai wat 200 na iya neman wat 1,000 na ɗan lokaci. Don haka a duba ƙarfin tashi na inbata, kuma a zaɓi mai ba da tsaftatacciyar wuta irin ta NEPA, domin mai araha kan dumama kwamfireso har ya ƙone.

Batir ne rumbu

Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ajiye wat-awa 2,400. Amma idan na ruwa ne, rabin wannan kawai ya kamata a riƙa amfani da shi, in ba haka ba zai mutu da wuri. Ke nan dutsen guga mai wat 1,000 zai cinye kason cikin kusan awa guda. Batirin litiyam kuwa yana ba da kashi 80 cikin 100 ko fiye, sai dai ya fi tsada.

Zafin yankin ma na da tasiri. Batirin ruwa ya fi daɗewa a maki 25, kuma duk ƙarin kimanin maki 10 yana rage rabin kwanansa. Ajiye shi a shagon kwano marar iska asara ce.

Waya da haɗarin gobara

Idan aka ja wat 2,000 daga batir mai bolt 12, wutar da ke bi ta waya ta haura amfiya 160. A tsarin bolt 24 takan ragu zuwa rabi, a bolt 48 kuma ta koma kusan 42. Shi ya sa ake komawa 24 ko 48 idan kaya sun yi nauyi.

Wanda ya sauya inbata ya bar tsohuwar siririyar waya, ya ajiye wa kansa gobara. Dole waya ta zama mai kauri, gajera, ta jan ƙarfe zalla, sannan a sa fis kusa da batir.

Caji: inda ake mantawa

Batirin ruwa mai 200Ah ya fi son caji na kusan amfiya 20. Mayar da rabin da aka cinye zai ɗauki fiye da awa biyar. Idan wutar layi ba ta kai haka ba, batir ba zai taɓa cika ba, kuma wanda ke yawan kwana ba a cike ba yakan lalace da wuri. A nan ne faranten sola ke cike giɓin. Wanda ya koma litiyam kuma sai an saita masa cajar ta dace da shi.

Manoman fadama

Ga manoman shinkafa da alkama a fadamun Kogin Haɗeja, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, ɗora injin ban-ruwa kan batir ba shi ne mafi sauƙi ba. Akwai famfon da ke aiki kai-tsaye daga faranten sola da rana, ba ya buƙatar batir.

Dabarar ta shafi mai shago ma: a kunna firiza da tsakar rana ƙanƙara ta kama, a rage buɗe ta da dare. Kafin a biya kuɗin kowace inbata, a rubuta wat ɗin kowane kaya da awannin da zai yi yana aiki, a kai wa ƙwararren mai haɗa sola ya yi lissafin batir, waya da caji gaba ɗaya.